Shin Gaskiya Ne Manyan Masu Zane Duk a Tsiya Suka Ƙare?

Wani bawan Allah daga Mabera a nan Sakkwato ya aiko da tambaya. Ɗansa ya gama sakandare, ya kafe sai dai ya tafi Zariya ya karanta zane da sassaƙa. Kawun yaron ya ce kada a kuskura, wai masu zane ko a ƙasar Turawa da tsiya suke ƙarewa, ga ma wanda ya haukace ya yanke kunnensa. Yana son ya ji ko haka tarihin yake, kuma ko akwai abinci a wannan hanya.

Alhaji, Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya tambaya kafin ka yanke hukunci. Na daɗe ina koyar da zane da tarihinsa, kuma labarin mai kunnen nan shi ake fara jefo mini kullum, don haka bari mu fara sallamarsa.

Sunansa Vincent van Gogh, ɗan ƙasar Holan, an haife shi a 1853. Kawu bai yi ƙarya ba. A Disamba 1888, a garin Arles na kudancin Faransa, bayan sun yi sa-in-sa da abokin zamansa Paul Gauguin, ya yanke kunnensa na hagu. Ya yi shekara guda a asibitin masu taɓin hankali, ya rasu a Yuli 1890 yana da shekara 37 bayan ya harbi kansa. Sai dai ciwo ne da mutumin, kuma ba burushi ne ya ɗora masa ba. Kafin ya kama zane ya yi aiki a shagon dillalan hotuna aka sallame shi, ya taɓa koyarwa, ya yi wa'azin Kirista a cikin masu haƙar kwal na Beljiyam, nan ma zaman bai ɗore ba. Sai da ya kai 27 ya rungumi zane gadan-gadan, wato duka-duka shekara goma ya yi a sana'ar, ya bar zanen fentin mai wajen 860. Kuma ba a kwararo yake kwana ba. Ƙanensa Theo, dillalin hotuna a Faris, yana aika masa faran 150 (kuɗin Faransa) ko fiye duk wata, alhali ma'aikacin gidan wayan da ya yi abota da shi a Arles, mai mata da 'ya'ya, albashinsa faran 135 ne. A fenti da ƙyallen zane galibin kuɗin ke tafiya. Shekarar da ya rasu an riga an fara yabonsa a mujalla, har an sayi wani zanensa na gonar inabi a kan faran 400 a Brasels. Theo ya bi shi bayan wata shida. Matar Theo, Johanna, ita ta rungumi tarin zanen da wasiƙun, ta yi ta kai su wuraren baje koli, ta buga wasiƙun a 1914. A ganina rabin sunan da Van Gogh yake da shi yau aikin wannan baiwar Allah ne.

To, shi ɗaya ne, kuma don labarinsa yana da daɗin bayarwa shi ya sa ya rufe na sauran. Akasarin waɗanda ake kira manya 'yan sana'a ne da suka tashi a hannun ubangida, suka ci abinci da kwangila.

A Italiya ta ƙarni na 15, uba yakan kai yaro ɗan shekara 12 ko 13 shagon mai zane, a rubuta yarjejeniya. Yaron ba zai fara da zana fuska ba. Zai share shago, ya niƙa duwatsun launi a kan faifan dutse, ya dafa danƙo daga fata, ya shafe allunan katako da farar ƙasa ya goge su har su yi santsi, ya ɗaure gashi a jikin kara ya mai da shi burushi. Bayan shekaru sai a bar shi ya cika sararin sama ko ninkin riga a aikin maigida. Wani mai zane na lokacin, Cennino Cennini, ya ce shekara 12 ya yi a hannun ubangidansa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Maƙera Assada ya ga yaro yana zuga wuta shekara da shekaru kafin a miƙa masa guduma, ya riga ya ga yadda aka raini Liyonardo da Vinci a shagon Verrocchio.

Takardun kwangilar suna nan har yau, kuma ina son ɗalibaina su karanta su, don suna sauke wa yaro girman kai. A 1485 wani gidan marayu a birnin Fulorans ya ba Domenico Ghirlandaio aikin zane. An rubuta cewa da hannunsa zai yi, ba da na yaransa ba, zai gama cikin wata 30, ladansa fulorin 115 (kuɗin zinaren birnin), kuma shuɗin da zai sa sai mai tsadar nan na kusan fulorin huɗu kowane oza. Wannan shuɗi daga wani dutse ake niƙo shi wanda ake haƙowa a tsaunukan Afganistan, shi ya sa mai ba da aiki yake tsoron a yi masa algus. Idan ya saɓa lokaci, akwai tara. Ka ga babu maganar jiran wahayi a nan.

A shagon wannan Ghirlandaio ɗin aka kai Mikelanjelo a 1488, yana da shekara 13. Mahaifinsa bai so ba ko kaɗan, yana ganin gidansu ya fi ƙarfin aikin hannu, kuma marubucin tarihinsa ya ce har duka ya sha a kan zane. Da uban ya gaji ya sallama, sai ga abin mamaki a yarjejeniyar: maimakon uba ya biya kuɗin koyo, maigidan ne zai biya yaron, fulorin 24 cikin shekara uku. Bai daɗe ba Lorenzo na gidan Medici, wanda ke juya birnin, ya ɗauke shi cikin gidansa. Yana ɗan shekara 23 ya karɓi kwangilar sassaƙa Maryamu rungume da gawar Isa, kamar yadda Kiristoci suka yi imani, a kan dukat 450 na zinare, ya gama a 1499. A 1501 aka ba shi wani ƙaton farin dutsen mabul da wani ya fara taɓawa tun 1464 ya bari, dutsen ya yi ta kwanciya a filin coci rana da ruwa suna dukansa, dogo ne kuma siriri, kowa na gudunsa. Daga cikinsa ya fitar da mutum-mutumin nan da suke kira Dauda, mai tsayin fiye da mita biyar, ya gama a 1504.

Aikin da ya fi wahalar da shi kuwa bai ma so ba. Paparoma Juliyas na Biyu ya tilasta masa ya zana rufin ɗakin ibada na Sistine a Rum, shi kuma yana ta cewa shi masassaƙi ne, fenti ba aikinsa ba ne. Daga 1508 zuwa 1512 yana kan dandamalin katako, a tsaye, wuya a karye baya, fenti na ɗiga masa a fuska. Salon aikin ba ya yafiya: ana shafa ɗanyen yaɓe daidai abin da za a iya zanawa a yini, a sa launi tun bai bushe ba, don yaɓen ya sha launin su zama abu ɗaya. Idan ka yi kuskure, ko yaɓe ya riga ka bushewa, sai a kankare a sake. A farkon aikin ma rufin ya yi fumfuna, sai da aka gyara haɗin yaɓen. Fili fiye da murabba'in mita 500, mutane fiye da 300. Ya yi ta rigima da Paparoma a kan biya, yana rubuta wa gida wasiƙu na kukan babu, alhali yana sayen gonaki da gidaje a Fulorans yana ciyar da uba da 'yan'uwa. Ya rasu a 1564 yana da shekara 88, kwanaki kaɗan kafin nan yana riƙe da guduma da cizal. Da aka buɗe akwatin da ke ɗakinsa, an tarar da tsabar zinare fiye da dukat dubu takwas. Uban da ya dake shi a kan zane, da kuɗin zanen ya tsufa.

Liyonardo kuwa, wanda ya girme shi da shekara 23, ba na ba yara shi a matsayin abin koyi wajen riƙon amana, duk da basirarsa. Ya karɓi aikin wasu sufayen Kirista a 1481 ya tafi ya bar shi rabi. Da zai nemi aiki a fadar Ludovico Sforza na Milan, ya jero gwanintarsa ta gina gada da ƙera kayan yaƙi, sai can ƙarshen wasiƙa ya ambaci cewa yana zane. Zanen jibin ƙarshe na Isa da almajiransa da ya yi a bango wajen 1495 zuwa 1498, ya ƙi bin hanyar ɗanyen yaɓe saboda shi mai jinkiri ne, ya yi a busasshen bango, fentin ya fara ɓarewa tun yana da rai. Mona Lisa ma, shahararren zanensa na fuskar wata mata, bai taɓa miƙa ta ga mai ita ba. Zanensa da suka tabbata nasa ne ba su kai 20 ba. Duk da haka a gidan da sarkin Faransa ya ba shi ya rasu a 1519, yana karɓar albashi.

Idan kana neman wanda ya karye da gaske, Rembrandt ne, kuma nan ne darasin da ya fi shafar ɗan kasuwa. Ɗan mai injin niƙa ne daga Leiden ta ƙasar Holan, an haife shi a 1606. Ya koma Amsterdam, attajirai suna layi ya zana su, ɗalibai suna biyansa gilda 100 (kuɗin Holan) kowanne a shekara. A 1639 ya sayi gida na gilda 13,000, mafi yawa bashi. Maimakon ya biya, sai ya zama ɗan gidan gwanjo: makamai, ƙwaryar dodon kodi, kayan ƙasashen Gabas, zanen magabata, duk abin da ya gani sai ya taya. Matarsa Saskia ta rasu a 1642, salon da masu kuɗi ke so ya fara sauyawa, shi kuma ya ƙi bin su. A 1656 ya bayyana a gaban hukuma cewa ba zai iya biyan bashi ba, aka yi gwanjon kayansa da gidan. Ɗansa Titus da abokiyar zamansa Hendrickje suka buɗe kamfani suka ɗauke shi a matsayin ma'aikaci don masu bin bashi kada su ƙwace abin da ya samu. Har kabarin Saskia ya sayar. Ya rasu a 1669, aka binne shi a kabarin haya. Zanen da ya yi a waɗannan shekarun na ƙunci, musamman na fuskarsa da ya zana ba tare da ya rage ko tamoji ɗaya ba, su ne mafi kyau a wurina. Amma ba rashin ciniki ne ya kayar da shi ba. Rubens na Antwerp, wanda suka yi zamani, shagonsa cike yake da mataimaka, yana sa farashi gwargwadon yawan hannunsa a cikin aikin, ya yi jakadanci tsakanin sarakuna, ya rasu a 1640 da gidan gona da dukiya.

Abin da ya sauya a ƙarni na 19 shi ne ubangida. Coci da fada suka ja baya, aka bar mai zane ya yi aiki tukuna sannan ya nemi mai saye. Daga nan ne yunwa ta shigo, daga nan ne kuma dillali ya zama sarki. Rodin, babban masassaƙin Faransa, sau uku makarantar zane ta Faris tana ƙin ɗaukarsa, ya yi kusan shekara 20 yana yi wa wasu adon gine-gine a kan lada kafin a san shi. Picasso, mai zane ɗan Sifen, ya ɗanɗani babu a ƙuruciya, ya samu dillalai masu sayen duk abin da ya fito daga hannunsa, ya rasu a 1973 da dukiyar da sai da aka ɗauki shekaru ana lissafi.

Mu dawo gida, don ɗanka ba a Faris zai zauna ba. Aina Onabolu, ɗan Ijebu Ode, shi ya koya wa kansa zane, ya tafi Landan a 1920 ya samo takarda, ya dawo ya dage har gwamnatin mulkin mallaka ta sa zane a manhajar makarantu ta kawo malami, Kenneth Murray, a 1927. Cikin ɗaliban Murray akwai Ben Enwonwu na Onica, wanda ubansa ma masassaƙi ne. Ya yi karatu a Landan, ya zama mai ba gwamnati shawara kan zane, a 1957 ya ƙera mutum-mutumin Sarauniyar Ingila na tagulla, ita da kanta ta zauna masa. Zanensa na wata gimbiyar Ife mai suna Tutu an yi gwanjonsa a Landan a 2018 a kan fam miliyan 1.2. Kada wannan adadi ya ruɗi yaro. Enwonwu ya rasu tun 1994, kuma abin da ya riƙe shi yana raye albashi ne da kwangila da koyarwa.

Makarantar da ɗanka ke so kuwa tana da tarihi. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suka ce sun yarda su koyi dabarar Bature amma ba za su zana duniyarsa ba. Okeke ya koma wurin mahaifiyarsa ya koyi zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Kusan dukkansu da koyarwa suka riƙe gida. Ga kuma Ladi Kwali, wadda kake gani a bayan naira 20. A hannun gwaggonta ta koyi ginin tukwane, Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana tara tukwanenta, a nan Michael Cardew, Baturen Ingila maginin tangaram, ya gan su, ta shiga cibiyar tangaram ta Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954. Ba ta yi boko ba, amma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977.

Wanda na fi so ɗan Sakkwato ya sani shi ne Ibrahim El-Salahi na Sudan. An haife shi a Omdurman a 1930, ubansa malamin makarantar allo ne. Ya je Landan ya ƙware a salon Turawa, ya dawo a 1957 ya baje kolinsa a Khartum, sai ya ga baƙi ne ke zuwa, mutanen gari ba ruwansu. Bai ce jahilai ne ba. Ya shiga gidajen mutane ya duba abin da suke ratayawa a bango, ya tarar da ayoyi da zayyana da adon faifai. Sai ya koma kan harafin Larabci da adon allo da ya taso a ciki, ya riƙa jan harafi har ya zama siffa. A 1975 gwamnatin Numairi ta tsare shi a kurkukun Kober fiye da wata shida ba shari'a, yana zane a kan guntayen takardar buhun siminti yana binnewa a cikin yashi kada masu gadi su gani. A 2013 gidan nunin zane na Tate Modern da ke Landan ya yi baje kolin aikin rayuwarsa gaba ɗaya, shi ne ɗan Afirka na farko da aka yi wa haka a wurin. Yaron da ya tashi yana ganin zayyanar allon sauka, da adon dukawa a jar fatar akuyar Sakkwato, da aska takwas a wuyan riga, yana da irin wannan jarin a hannunsa, galibi bai sani ba. Har ma tsofaffin siffofin yumɓu da ake tonowa a wannan yanki, masana sun sa wa salonsu sunan Sakkwato, kuma suna cikin jerin kayan tarihin da aka yi gargaɗi a kan fataucinsu saboda yawan sata.

Na san akwai abin da ke ranka wanda ba ka rubuta ba, wato hukunci. Fatawa ta malamai ce, ka je wurin naka. Abin da ke cikin littattafan Malikiyya dai shi ne, cikakken mutum-mutumi mai inuwa na abu mai rai haramun ne, shimfiɗaɗɗen zane marar inuwa bai kai nan ba, sun sa shi a karhanci ko barin abin da ya fi, itace da gini da sauran marasa rai kuma babu laifi. Wasu malaman sun fi haka tsanantawa. Ko da ka ɗauki mafi tsanani, fili bai ƙare ba. A Daular Usmaniyya mai rubutun hannu ya fi mai zanen fuska daraja, har ana ba da labarin Sarki Bayazid na Biyu yana riƙe wa Shaihu Hamdullah kurtun tawada yana rubutu. A nan ƙasar kuwa Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarim, da ƙasa da azara ya yi bakan gizon da har yau masana gini ke zuwa kallo, babu siffar kowa a ciki. A Zariyar ma ban da sashen zane da sassaƙa akwai na tsara kayan masana'antu, inda ake koyon tangaram da adon yadi da gilashi da zanen talla, wanda yanzu a kwamfuta ake yin mafi yawansa. Nan ne aka fi samun aikin yau da gobe.

Shawarata, kafin a cika fom, ka ce ya kawo maka littafin da yake zane a ciki. Kada ka dubi fuskokin 'yan ƙwallo da ya kwafa daga waya, kowa na iya wannan. Duba ko yana zana abin da ke gabansa: hannun mahaifiyarsa tana tankaɗe, raƙumi a durƙushe a Kara, inuwar zaure da la'asar. Duba kuma ko shafukan suna da yawa, har da waɗanda suka lalace ya sake. Sannan ka ba shi aiki na gaske da kuɗi da wa'adi, ko allon shagonka ne ko adon bangon zaure, ku yi ciniki kamar baƙo, ka ba da rabi, ka riƙe rabi sai ya gama. A watannin jiran sakamako ka haɗa shi da wani mai sana'a, baduku ko mai rubutun allon shago ko mai ɗab'i, ya riƙa zuwa da safe yana tashi da yamma. Idan ka samu lokaci ku shiga gidan tarihi na Waziri Junaidu tare, ya tafi da fensir da takarda, ka zauna ka ga ko zai iya awa biyu a gaban abu ɗaya bai taɓa wayarsa ba.